Mutanen Nadar na Kudancin Indiya: Yadda Mahaya Giginya Suka Zama Attajirai da Masu Mulki

A can ƙarshen kudancin Indiya, inda ƙasar ta tsuke tana fuskantar tsibirin Siri Lanka, akwai wani yanki mai jan yashi wanda ruwan sama ba ya wadatarwa. Mutanen wurin suna kiran waɗannan tuddan yashi teri. Shinkafa ba ta yi a cikinsu, abin da yake yi shi ne giginya. 'Yar uwar tamu ce ta nahiyar Asiya. Ba ta da kumburin nan na tsakiyar jiki da tamu take da shi, amma wanda ya san giginya zai gane ta da gani ɗaya. Har muruci suna ci, dafaffe, kamar yadda muke ci. A gundumomin Tirunelveli da Thoothukudi da Kanyakumari na jihar Tamil Nadu, wannan itaciya ta riƙe wata al'umma guda tsawon ɗaruruwan shekaru. A da ana ce musu Shanar. Yau sunansu Nadar, kuma suna cikin al'ummomin da suka fi kowa ƙarfi a kasuwa da ilimi da siyasar jihar.

Kafin a fahimci labarinsu sai an san tsarin da suka tashi a cikinsa. Littattafan addinin Hindu sun kasa mutane gida huɗu: Brahmin, masu jagorancin ibada, Kshatriya, sarakuna da mayaƙa, Vaishya, fatake da masu dukiya, sai Shudra, masu hidima. A ƙarƙashin waɗannan akwai waɗanda aka ce taɓa su ƙazanta ne, su ne ake kira Dalit a yau. To amma wannan kashi huɗu a takarda yake. Abin da mutum yake rayuwa a cikinsa kullum shi ne jati, wato dangin da aka haife shi a ciki, wanda a cikinsa zai yi aure, kuma galibi sana'arsa zai gada. Irin waɗannan dangogi dubbai ne a Indiya. Bahaushe ya san sana'ar gado, ya san gidan maƙera da na wanzamai da na mahauta, ya kuma san yadda wasu suke jan jiki idan maganar aure ta taso. Sai dai maƙeri yana shiga sahu ɗaya da sarki a masallaci, yana kuma ɗiban ruwa a rijiyar da kowa yake ɗiba. A tsarin jati sana'ar takan zama hukunci a kan jikin mutum, ta yanke inda zai tsaya da abin da zai sa da ƙofar da zai shiga.

Aikin da aka san Shanar da shi shi ne tatsar ruwan giginya. Mahayi, wanda suke kira panaiyeri, yakan tashi tun duhu bai yaye ba. Yana sa ƙafafunsa biyu cikin wata 'yar igiya da aka ƙulla kamar zobe, ya rungumi jikin itaciyar da hannuwa, ya riƙa cira sama kaɗan kaɗan. A ƙugunsa akwai wuƙa mai lanƙwasa da 'yar tukunya da abin zuba farar ƙasa. Giginyar kan kai mita 20, wata ma ta doshi 30, kuma babu reshe ko ɗaya da zai huta a kai sai ya kai can ƙoli. Idan ya isa, sai ya nemi sandar furen da ya riga ya matse ta da wani ƙaramin itace kwanaki a jere har ta yi laushi. Ya yanke bakinta siriri, ya rataya tukunyar ƙasa a ƙarƙashi. Ruwan yana ɗiga dare da rana. Dole a koma a sake yanke bakin da yamma, wani lokaci har da tsakar rana, domin idan yankan ya bushe ruwan ya tsaya. Saboda haka a lokacin tatsa, wanda yake ɗaukar wata shida ko fiye, mahayi ba shi da ranar hutu, ba shi da damar kwanciya ciwo. Waɗanda suka rubuta labarinsu a ƙarni na 19 sun ce mutum ɗaya yakan hau giginya 30 zuwa 50, aƙalla sau biyu a yini. A yi lissafi: giginya 40 masu tsawon mita 20, sau biyu, ya zama mita 1,600 ke nan na hawa da ƙarfin damtse, ban da saukowa. Kanta takan fito masa a tafin hannu da ƙirji da idon sawu, har a gane sana'arsa daga jikinsa kafin ya buɗe baki. Wanda ya faɗo kuwa, in bai mutu ba, to da wuya ya sake moruwa.

Farar ƙasar nan da yake shafawa a cikin tukunya ita ce ta raba sana'ar gida biyu. Idan an shafa, ruwan yakan zauna da zaƙinsa, shi ne padaneer, abin sha mai sanyi wanda ba ya sa maye. Idan ba a shafa ba, cikin 'yan sa'o'i zai tsima ya zama bammi, wanda suke kira kallu. Mafi yawan ruwan ba bammi ake yi da shi ba. Matar mahayi ce take karɓarsa tun da safe kafin ya lalace, ta zuba a babbar tukunya, ta yi ta hura wuta sa'o'i cikin hayaƙi har ya yi kauri, sannan ta zuzzuba a ƙoƙon kwakwa ya daskare. Abin da yake fitowa baƙar mazarƙwaila ce ta giginya, sunanta karupatti. Neman itacen wuta ma aikin mata da yara ne. Gida dai gaba ɗaya a kan itaciyar yake: ganyenta rufin ɗaki da tabarma da kwando, jikinta azara, 'ya'yanta abinci, kuma a kan busasshen ganyenta aka rubuta tsofaffin littattafan harshen Tamil. Akwai ma tsohuwar waƙar Tamil da ta ƙidaya mata amfani 801.

Duk da haka bammin nan shi ya ja musu. A wurin manyan dangogin Hindu giya ƙazanta ce, mai tatsar ta kuma ya ƙazantu da ita, ko yana sha ko ba ya sha. Sai aka ajiye Shanar a wani matsayi na tsaka-tsaki. Ba a mayar da su can ƙasa tare da dangogin Dalit irin su Paraiyar da Pallar ba, tunda ba sa cin naman shanu, amma an hana su shiga manyan wuraren bauta, an kuma hana su rijiyoyin manya. A masarautar Travancore, wadda kudancinta ne Kanyakumari ta yau, abin ya fi muni nesa ba kusa ba. Sai Shanar ya tsaya taku 36 daga Brahmin na dangin Nambudiri, taku 12 daga mutumin dangin Nair. Ba ya riƙe lema, ba ya sa takalmi, ba ya sa zinariya, ba ya gina bene, ba ya tatsar saniya. Ana kuma tilasta masa aikin gayya na masarauta ba tare da lada ba. Matarsa ba ta da izinin ɗaukar tulu a ƙugu kamar matan manya, ba ta kuma da izinin rufe ƙirjinta.

Wani abin da ake yawan tsallakewa shi ne, su kansu ba ɗaya suke ba. A yankin teri akwai wasu 'yan tsirarun gidaje masu laƙabin Nadan, waɗanda su ne masu gonakin giginyar. Suna karɓar haraji a madadin sarakuna, suna yanke hukunci a ƙauyuka, matansu suna kulle, kuma ba sa ba mahayi auren 'yarsu. Mahayi a giginyar wani yake aiki, a raba abin da aka samu. Hausawa suka ce inuwar giginya na nesa ka sha, kuma babu wanda maganar ta fi dacewa da shi kamar mutumin nan da ya ƙare rayuwarsa a jikinta.

To daga ina suka fito? A nan ne rigimar take, domin a Indiya maganar asali magana ce ta matsayi, kuma an kai ta har gaban alƙali.

Akwai labarin da su suke bayarwa tun kaka da kakanni. Wai wasu 'yammata bakwai na sama sun sauko wanka, suka haifi 'ya'ya maza bakwai, suka bar su suka koma. Allahiya Bhadrakali ta ɗauke su ta raine su, shi ya sa har yau Nadar suke ɗaukar kansu 'ya'yanta, suke kuma gina mata wuraren bauta. Wata rana kogi ya ɓalle, sarki ya ba da umarni kowane namiji ya ɗauki kwandon ƙasa a ka a je a toshe. Samarin nan bakwai suka ce ba a haife su don ɗaukar kwando ba. Sarki ya sa aka binne su iya wuya, aka kawo giwa. Ta take na farko, bai janye maganarsa ba. Ta take na biyu, shi ma haka. Sai sarki ya tsorata ya saki sauran biyar, daga gare su ne rassan al'ummar biyar suka fito. Babu masanin tarihin da zai karɓi wannan a matsayin abin da ya faru, amma ni a ganina ya fi sauran bayanan nuna zuciyar mutanen. Al'ummar da ake kama ta aikin dole ba lada ita ce take gaya wa 'ya'yanta da dare cewa kakanninsu sun zaɓi ƙafar giwa a kan kwandon sarki.

Bayani na biyu na wani ɗan mishan ne, Robert Caldwell, wanda ya zauna a ƙauyen Idaiyangudi tun daga 1841, ya kuma shahara da binciken harsunan kudancin Indiya. A 1849 ya fitar da ɗan littafi a kan Shanar na Tirunelveli. A ciki ya yi hasashen cewa daga arewacin Siri Lanka suka yi ƙaura, ya kuma siffanta su da jahilci da duhun kai. Niyyarsa ya tara wa aikin mishan taimako a Ingila, amma da 'ya'yan mutanen suka yi karatu suka karanta abin da aka rubuta a kansu, ransu ya ɓaci ƙwarai. Sun yi shekaru suna yaƙar littafin har aka janye shi.

Daga wannan ɓacin rai ne bayani na uku ya yi ƙarfi. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 marubutan al'ummar suka yi ta fitar da ƙananan littattafai suna cewa su Kshatriya ne, jikokin sarakunan Pandya da suka mulki kudu, waɗanda sarakunan Nayak suka ƙwace wa ƙasa suka kora cikin yashi. Hujjarsu ita ce tsohuwar tashar jiragen ruwan Pandya, Korkai, tana cikin yankinsu, ga kuma gidajen Nadan da alamun sarautarsu. Mai yiwuwa ne wasu gidajen suna da jinin sarauta. Amma a ce dubban ɗaruruwan mahaya duk jikokin sarki ne, wannan buri ne, ba tarihi ba. Akwai kuma dabara a cikin da'awar. A kudancin Indiya kusan babu dangogin da aka yarda Kshatriya ne ko Vaishya. Manyan masu gonaki irin su Vellalar da Nair a sahun Shudra littafi ya ajiye su. Don haka duk wanda aka yarda shi Kshatriya ne ya tsallake kan dukkan iyayen gidansa a tashi ɗaya.

Amma me ya ba mahayin giginya bakin yin wannan da'awa? Abubuwa biyu ne suka faru, ɗaya a kudancin yankinsu, ɗaya a arewacinsa.

A kudu, mishan ne. Turawan Ingila sun karɓi Tirunelveli a 1801, kuma tun kafin nan, a 1799, an kafa ƙauyen Mudalur don Shanar da suka shiga Kiristanci. Cikin shekaru kaɗan ƙauyuka sukutum suka riƙa shiga, har aka sami garuruwa irin su Nazareth da Megnanapuram, kowanne da coci da makaranta. A Travancore wannan ne ya ta da rikicin rufe ƙirji. A 1813 Razdan John Munro, wanda a lokacin yake riƙe da muƙamin waziri, ya ba da izini matan da suka shiga Kiristanci su sa 'yar riga irin ta tsofaffin Kiristocin ƙasar da Musulmin Mappila. Matan ba su tsaya nan ba, suka fara yafa mayafi a kafaɗa irin na matan Nair, matan Shanar 'yan Hindu ma suka bi sahu. Sai aka shiga tare su a kasuwa ana yage musu tufafi a bainar jama'a, ana ƙona majami'u da makarantu. An yi haka a 1822, aka sake a 1828 zuwa 1829, masarauta ta goyi bayan Nair. Aka sake mafi muni a 1858 zuwa 1859. Sai da Gwamnan Ingila na lardin Madras (birnin da yanzu ake kira Chennai), Charles Trevelyan, ya matsa lamba, sannan a ranar 26 ga Yuli 1859 sarkin Travancore ya yi shela cewa matan Shanar suna iya rufe jikinsu, amma ban da irin shigar manyan dangogi. Shekara 46 mata suna shan duka a kan ƙyallen da za su suturta jikinsu, kuma ko a ƙarshen ma sai da aka gindaya sharaɗi. A wannan zamanin ne kuma wani mai wa'azi daga cikinsu, Ayya Vaikundar, ya tara mabiya a Swamithope, ya haƙa rijiyar da kowane dangi zai sha, ya sa mutane cin abinci tare, ya umarci maza su naɗa rawani su shiga wurin ibada da kansu a ɗage. Wannan ya nuna ba Bature kaɗai ne ya farkar da su ba.

A arewa kuwa, kasuwa ce, kuma wannan ɓangaren ne na fi so mai karatu ya tsaya a kansa. Karupatti kaya ne da ba ya saurin lalacewa, don haka wasu Shanar suka fara loda shi a keken shanu suna kaiwa arewa, su haɗa da gishiri da busasshen kifi, su dawo da auduga da taba da hatsi. Hanya tana da 'yan fashi, garuruwan da suke sauka kuma ba a ba su masauki. Sai suka riƙa gina nasu zangon mai katanga, wanda suke kira pettai, inda za su kwana da shanunsu da kayansu. A hankali suka zauna a garuruwa shida na ƙasar Ramnad, waɗanda suka fi shahara a ciki su ne Sivakasi da Virudhunagar da Aruppukkottai. Da yake su 'yan tsiraru ne a tsakiyar mutanen da ba sa ƙaunarsu, sai suka kafa majalisar dattawa a kowane gari, sunanta uravinmurai, suka kuma ɗora wa kansu wani haraji, mahimai. Kowane ɗan kasuwa yana zuba wani kaso daga cinikinsa a asusun jama'a. Da kuɗin nan aka haƙa rijiyoyi tunda an hana su na gari, aka gina wuraren bauta tunda an hana su shiga na manya, aka ɗauki masu gadi, aka biya lauyoyi, aka tallafa wa wanda jarinsa ya karye. Majalisar ce take sasanta rigima, kuma wanda ya ƙi bin hukuncinta sai a daina ciniki da shi. Da yaƙin basasar Amurka ya sa audugar Indiya ta yi tsada a shekarun 1860, kuma jirgin ƙasa ya iso Thoothukudi a shekarun 1870, waɗannan fatake a shirye suke. A shekarun 1880 suka buɗe makaranta a Virudhunagar da kuɗin mahimai, suka sa mata suna Kshatriya Vidyasala, suka kuma bar ƙofarta a buɗe ga 'ya'yan sauran dangogi.

Da kuɗi suka samu sai suka nemi girma. Suka fara rataya zaren tsarki irin na Brahmin, suka koma ƙona gawa maimakon binnewa, suka ɗauko limaman Brahmin su ɗaura musu aure, suka yar da sunan Shanar suka ɗauki laƙabin tsofaffin iyayen gidansu, suka zama Nadar. Sannan suka doshi ƙofar da aka rufe musu. A 1874 suka gwada shiga babban wurin bautar Meenakshi na Madurai, kotu ba ta ba su gaskiya ba. A 1897 wasu mutum 15 suka kutsa wurin bauta a garin Kamuthi suka yi ibada. Sarkin Ramnad ya kai ƙara, kotu ta ce ba su da hakkin shiga, ta kuma ci su tarar rufi 500 na kuɗin Indiya don a tsarkake wurin. Suka ɗaukaka ƙara zuwa Madras, suka faɗi. Suka tara kuɗi suka kai Landan, a 1908 majalisar shari'a ta ƙoli ta daular Birtaniya ta tabbatar da hukuncin. Ana cikin wannan shari'a ne aka yi ta'asar Sivakasi. Dangin Maravar, waɗanda a al'ada su ne mayaƙa da masu gadin ƙauyuka, sun ga mutanen da suke raina sun fi su arziki, har suna ba su bashi. A ranar 6 ga Yuni 1899 dubbansu suka auka wa garin. Nadar sun san da zuwansu, sun shirya, aka yi artabu. Sama da mutum 20 suka mutu, aka ƙona ɗaruruwan gidaje, tarzomar kuma ta bazu cikin ƙauyuka har sai da aka kawo soja.

Da'awar sarauta dai ba ta ci nasara ba, ko a kotu ko a titi. Abin da ya rage a hannunsu shi ne asusu da makaranta da haɗin kai, kuma su ne suka yi aiki. A 1910 wani attajiri, T. Rattinasami Nadar, ya kira taro a Porayar aka kafa ƙungiyar al'ummar gaba ɗaya, Nadar Mahajana Sangam. A 1921 gwamnatin Madras ta yarda a riƙa rubuta Nadar a takardunta maimakon Shanar. A shekarar ce kuma suka kafa bankinsu a Thoothukudi, wanda a 1962 ya koma Tamilnad Mercantile Bank, yana nan har yau. Bayan haka sai tunani ya juya. Ƙarƙashin jagorancin W. P. A. Soundarapandian, da yawansu suka bi tafiyar Periyar, mutumin da yake cewa tsarin dangogin ne gaba ɗaya ruɓaɓɓe, babu amfanin neman hawa a cikinsa. Waɗanda iyayensu suka sha wuya don rataya zaren tsarki suka tsinke shi da hannunsu, suka koma ɗaura aure ba Brahmin. Ƙofar wurin bauta ta buɗe daga baya, a Travancore a 1936, a Madurai kuma a 1939, lokacin da aka shiga da Dalit biyar da Nadar ɗaya. Tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta ƙyamar taɓa mutum. Ƙungiyar da ta taso cikin masu cewa su jikokin sarakuna ne, ita ce daga baya ta nemi gwamnati ta sa Nadar cikin dangogin da aka bari a baya don su sami gurbin karatu da aiki, ta kuma samu. Ban ga abin zargi a nan ba, domin mafi yawan mutanen talakawa ne, kuma wannan matsayin ya fi kusa da gaskiyar halinsu.

Sauran labarin sananne ne a Indiya. K. Kamaraj, ɗan Virudhunagar wanda ya bar makaranta yana yaro, ya zama babban ministan jihar Madras, wato Tamil Nadu ta yau, daga 1954 zuwa 1963. Ya buɗe dubban makarantu a ƙauyuka, ya faɗaɗa ciyar da ɗalibai abincin rana, daga baya ya shugabanci jam'iyyar Congress ya taka babbar rawa wajen naɗa firaminista biyu, Lal Bahadur Shastri da Indira Gandhi. Wasu 'yan uwa biyu, Ayya Nadar da Shanmuga Nadar, sun tafi Kalkata a 1922 suka koyo yin ashana, suka dawo suka kafa masana'anta a Sivakasi, garin da yanzu yake samar da mafi yawan kayan wasan wutar Indiya. Wannan arziki ma yana da tabonsa, don an daɗe ana kuka da aikatau da ƙananan yara da gobarar da take cin ma'aikata a waɗannan masana'antu. S. P. Adithanar ya kafa jaridar Dina Thanthi a 1942. Shiv Nadar, wanda aka haifa a wani ƙauye kusa da Tiruchendur, ya kafa kamfanin kwamfuta na HCL a 1976. A birnin Chennai kuwa, shagon kayan masarufi na unguwa ana ce masa shagon annachi, wato shagon yaya, saboda yawancin masu su mutanen kudu ne daga wannan al'umma, kowa ya kafu sai ya ɗauko yaro daga ƙauye ya koya masa.

Abin da yake damuna a cikin wannan nasara shi ne, an ɗaga sunan dangi amma ba a ɗaga sana'ar ba. Duk wanda ya sami hanya, sauka ya yi daga giginya bai waiwayo ba. Attajiran arewa sun yi shekaru suna nesanta kansu da mahaya, har akwai lokacin da aka riƙa kiran mutane su bar tatsa don ta daina zubar wa al'umma da mutunci. Rainin da manyan dangogi suka yi wa Shanar bai mutu ba, ya koma cikin gida ya sauka a kan wanda har yanzu yake hawa. Mahayi a yau yana shan wuyar samun mata, 'ya'yansa kuma ba sa son gadon aikin, ba kuwa za a ga laifinsu ba.

Doka ma ba ta sassauta masa ba. An fara hana giya a lardin Madras a gundumar Salem a 1937, aka yi ta sakewa ana ɗaurewa, kuma tun 1987 tatsar bammi haramun ce a Tamil Nadu. Padaneer halal ne a doka, amma tunda itaciya ɗaya ce da tukunya ɗaya, mahaya suna kukan cewa 'yan sanda suna kama su bisa zato, su farfasa musu tukwane. Ba kiran a halatta abin maye nake yi ba. Sai dai gwamnatin da take kama talaka a kan tukunyar bammi, ita ce tun 2003 take riƙe da dukkan shagunan sayar da barasa a jihar ta hannun kamfaninta TASMAC, tana samun kuɗin shiga masu ɗimbin yawa. Mahaya suna ganin wannan, kuma shi ne babbar hujjarsu duk lokacin da suka fito zanga-zanga.

Ita kanta giginyar, wadda ita ce itaciyar da jihar ta ɗauka tambarinta, an yi ta sare ta ana sayar wa masu gasa bulo, alhali sabuwa takan haura shekara goma kafin ta fara ba da ruwa. A 2021 gwamnatin jihar ta ce ba a sare ta sai da izinin shugaban gunduma. A 2023 karupatti na garin Udangudi ya sami rajistar da take kare sunansa, domin kasuwa ta cika da jabu wanda aka haɗa da sukarin rake ana sayarwa da araha. Masu neman abincin gargajiya a birane sun sa farashin na gaskiya ya tashi, amma tsakanin mahayi da mai saye akwai dillali, kuma sau da yawa mahayin ya riga ya ci bashin dillalin tun kafin lokacin tatsa ya kama.